Kira Daga Ofishin Aziziyya

Hatim ya zare wayar intanet daga bayan kwamfutar, ya miƙe yana karkaɗe gwiwar jallabiyarsa. Shi ke duba musu na'urori, kuma tun da hantsi Zubaidatu ta kira shi.

"Khalas, na toshe ƙofar," ya ce da Hausarsa mai gauraye da Larabci. "Amma kwana shida suna ciki, Hajiya. Hotunan fasfo, lambobin waya, duk sun kwashe."

Zubaidatu ta nemi kujera ta zauna. Shekara goma sha tara ke nan ita da yayanta Abdulwahab suna riƙe da wannan ɗan ofishi a unguwar Aziziyya ta Makka, suna sama wa alhazai masauki. Bana maniyyata ɗari uku da sha biyu suka aiko musu da takardunsu, yawanci tsofaffi daga Sakkwato da Maraɗi, ga shi saura wata guda su fara sauka.

"Ta ina suka shigo?"

Hatim ya saci kallon Abdulwahab, ya kau da kai.

"Ta hannuna," in ji Abdulwahab. "Saƙo ya zo wai a sabunta lasisi kafin azahar ko a rufe mu. Har da tambarin hukuma. Na danna, na rubuta kalmar sirri."

Ba ta tambayi wace kalma ba. Sunan mahaifinsu ne, kuma kalmar ce ke buɗe komai a ofishin.

Hatim ya canza wa kowace ma'ajiya kalmarta, ya saita yadda ba mai shiga sai an turo lamba a wayar Zubaidatu. Ya ce a kai rahoto ga hukuma yau ɗin nan, ya ɗauki jakarsa ya fita.

"Rahoto za mu kai," Abdulwahab ya ce yana rage murya. "Amma kada maniyyata su ji. In maganar nan ta isa Sakkwato, baɗi ko mutum ɗaya ba za mu gani ba."

"Yaya, wanda ke riƙe da sunayensu zai kira su da sunanmu."

"Wataƙila ba zai kira ba."

Ba ta ja da shi ba. Da ta idar da azahar, ta ɗauko jerin sunayen da ke kan takarda, ta fara da Alhaji Mukhtaru, dattijon da ya sauka a wurinsu har sau huɗu. Ta ƙara sautin wayar ta ajiye a kan tebur.

"Baba Alhaji, Zubaidatu ce daga Makka. An yi mana kutse a kwamfuta. Duk wanda ya kira ka da sunanmu—"

"To, ga ki kuwa," tsohon ya katse ta. "Ai an hwaɗa mini. Jiya yaran ofis sunka kira ni, sunka ce 'yan damfara za su bugo da sunan Zubaidatu. Har lambar sirrin da ta shigo wayata na karanta musu don su tsare ni. Ki ji tsoron Allah, baiwar Allah."

Ya kashe.

Abdulwahab ya jawo kujera kusa da teburin, ya miƙa hannu.

"Ba ni shafukan Maraɗi."

Ta ware su ta ba shi, ta sake danna lambar Alhaji Mukhtaru.