Ramin da Baba Ya Toshe

Kwana uku bayan gobara, Injiniya ta kira Baba Mai Fenti zuwa ɗakin ajiyar da ya ƙone. Shi ya yi wa wurin fenti bara, kuma kowa ya san hannunsa ba ya barin tabo.

Ginshiƙan ɗakin bututun ƙarfe ne cike da kankare. Biyar suna nan tsaye, baƙi ƙirin. Na shida ya kumbura ya tsage, rufin ya rufta ta wajensa.

"Baba, kowane ginshiƙi yana da ɗan rami sama da ƙasa. Ina na wannan?"

"Na toshe su, 'yata. Na ɗauka sakacin masu walda ne."

"In wuta ta gasa kankare, ruwan cikinsa tururi yake zama. Ta ramukan nan yake fita."

Baba ya shafa tsagar. Ya tuna ranar sarai: kayan cike ramukan ne suka ƙare masa bayan ginshiƙi ɗaya. Shekara guda ke nan, in ya wuce ta nan sai ya kawar da kai, don kunyar biyar ɗin da ya bari bai toshe ba.