Kyanwar Baba Edward

"Riƙe bakin buhun da kyau, Chioma, za ta yage ni."

Muryar Biriskila ce ta fito da ni daga ɗaki da kumfar wanki a hannu. Na tarar da su biyu a tsakar gida sun danne buhun shinkafa, buhun yana birgima yana kuka. Ban tsaya tambayar abin da ke ciki ba. Fasinja ce, kyanwar Baba Edward.

"Me ta ci muku?" na ce.

"Anti Huseina, yi a hankali, Baba na barci," in ji Biriskila. Duk hannunta yakushi ne. "Da idona na gani. Tana kwance a ƙirjinsa, bakinta a kan hancinsa, shi kuma yana kokawa da numfashi. Ina ɗage ta ya ja iska."

Chioma, maƙwabciyarmu mai sayar da garin kwaki, ta ƙulle buhun da igiya. "Tun yaushe nake faɗa? A garinmu ba a barin mage ta kwana da mutum. Numfashinsa take sha kaɗan-kaɗan har ya ƙare."

"Shekara da shekaru tana kwana a ƙirjin nan," na ce. "Da numfashi take sha, ai da ta fi tunkiya ƙiba."

Ba wadda ta yi dariya. Ni ma bakina ne kawai ke da ƙarfi, don kakata ba ta taɓa barin kyanwa ta raɓi jariri mai barci ba, kuma abin da aka ji tun ƙuruciya ba ya fita daga jiki.

Baba Edward mutumin Wusasa ne, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya riga kowa shiga gidan hayar nan namu da ke bakin Sabon Gari, ta wajen Fagge. Bayan rasuwar matarsa ya tsinci 'yar kyanwa a cikin tarago, ya sa mata suna Fasinja, wai don ta shigo jirgi ba tikiti. Tun damina ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Biriskila, 'yarsa tilo, ta baro aikin koyarwa a Kaduna ta zo jinya. Ban ga laifinta ba. Ciwon zuciya ba a kama shi a sa a buhu, kyanwa kuwa ana kamawa.

Ta tari Adaidaita Sahu ta tafi da buhun. Ta dawo kenan Baba ya farka. Daga tagata ina jin sa yana kira, "Mus-mus. Fasinja."

"Na mayar da ita inda ka tsince ta, Baba," in ji Biriskila. "Bayan tashar jirgi. Akwai ɓeraye, ba za ta kwana da yunwa ba."



"Bayan tasha karnuka ne," ya ce.

"Baba, numfashinka take sha."

"'Yata, idan numfashin ya tsaya mini, ita ke fara sani. Ta shafa mini fuska in farka." Ya yi tari mai tsawo. "To, shi ke nan."

Wannan "shi ke nan" ɗin bai kwanta mini ba. Mutumin da ke musu da rediyo ba ya sakin magana da wuri haka.

Washegari da hantsi Biriskila ta fita sayen magani, ni kuma ina banɗaki. Da ta dawo, sai ga ƙofar ɗakin a buɗe. Babu sandarsa, babu tsohuwar hularsa ta aiki da ke rataye a ƙusa. Mutumin da sai an riƙe shi yake kaiwa bakin famfo ya fice titi shi kaɗai.

Muka bar Chioma a gida, muka nufi tasha. A mahaɗar Bata cunkoso ya tsayar da mu, muka sauka muka ci gaba da ƙafa, muna kutsawa tsakanin masu dako da masu tura kura. Rana ta take. Duk tsohon da muka hango da sanda sai Biriskila ta ruga ta leƙa fuskarsa. Inda muka ga mutane sun taru kuwa, ni nake zuwa in duba, ita ta tsaya daga nesa.

Wayata ta yi ƙara. Chioma ce.

"Huseina, magen ta dawo. Tana zaune a kan kujerarsa tana lasar ƙafa. Na ce muku wannan ba dabba ba ce."

"Shi fa?"

"Shi bai dawo ba."

A bayan tasha muka same shi, zaune a kan benci a rumfar Malam Kyari mai shayi, wanda ya san shi tun yana aiki. Malam Kyari yana yi masa fifita da kwali. Leɓɓan Baba sun yi baƙi, a hannunsa kuma ƙullin busasshen kifi.

"Tun ɗazu yake zagaya tsofaffin taragu yana kira," in ji Malam Kyari. "Na ce Baba zauna, ya ce sai ya gan ta."

Biriskila ta zube a gabansa. "Ta koma gida, Baba. Tana kan kujerarka."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Ta riga ni?" Har ya so ya yi murmushi. "Ba tikiti kuma."

Da muka ɗora shi a Adaidaita Sahu, Biriskila ta ce wa direba asibiti. Baba ya riƙe mata hannu. "Likita ya gama faɗin nasa. Kai ni gida." Ta sake cewa asibiti, ya sake cewa gida, a karo na biyu ko murya babu, sai motsin baki. Direban ya waigo yana jira. Ta ce gida.

Mun tarar da Chioma tsaye a ƙofar ɗakinsa da tsintsiya, kyanwar na zagaya ta tana kuka. Muka kwantar da shi, muka tara masa matasai a baya. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Yatsunsa suna ta laluben ƙirjinsa.

"Kada ki bari," in ji Chioma. "Ɗan abin da ya rage masa kenan, za ta shanye."

Biriskila ta dube ni. Idan aka hana, ya tafi da ƙishinta. Idan aka bari ya cika, har abada yarinyar nan za ta ce ita ta miƙa shi.

Ta tashi ta zare tsintsiyar daga hannun Chioma, ta jingine ta a bango. Ta sunkuya ta ɗauki kyanwar da hannun nan mai yakushi, ta ɗora ta a ƙirjin mahaifinta. Fasinja ta juya sau ɗaya ta naɗe, ta kai hancinta kusa da nasa. Ya ɗora hannunsa a bayanta, goshinsa ya saki.

Muka zauna. Biriskila tana addu'a ƙasa-ƙasa, Chioma na cewa amin daga bakin ƙofa, ta ƙi shigowa kuma ta ƙi tafiya. Ƙarar numfashin ta riƙa nisa da juna. Sanda aka kira la'asar daga masallatan Fagge, na kasa kunne ban ƙara jin ta ba. Kyanwar ta miƙa ƙafa ta shafa masa kunci, ta sake shafawa, sannan ta kwantar da kai.

Na miƙa hannu zan rufe masa ido, Biriskila ta riƙe ni.

"Tsaya, Anti. Bai tafi ba. Dubi hannunsa."

Na duba. Hannun yana nan a bayan Fasinja, yana ɗagawa a hankali yana sauka tare da numfashin kyanwar.