Sunan Datti Ya Koma Na Tara

Datti na tsugune a bakin kanal da waya a hannu, yana ji yana gani sunansa ya zame daga na uku ya koma na tara. Wallahi bai taɓa komai ba. Shafin ƙungiyarsu ne ta manoman rani, inda ake jera layin ban ruwa, kuma a iya saninsa shafi ba ya canzawa sai ka ja shi da yatsa ya sake buɗewa. To, yatsan wa ya ja?

Jiya-jiya ya dasa tumatir, in ruwa bai shiga yau ba dashen ya tafi. Da ya duba wanda ya haye gurbinsa, sai ga Nasiru, surukin Taufiq sakataren ƙungiya. Yauwa, magana ta fito. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauki hoton shafin don shaida, ya rufe shi, ya hau babur sai Kura.

Bai tarar da Taufiq a ofis ba. Ya kafe a benci awa uku, duk wanda ya shigo sai ya tura masa hoton a fuska. Sau biyu Sammani mai buɗe ƙofar ruwa yana kiransa, ya ƙi ɗagawa. Ai ya sani, turo shi aka yi ya lallashe shi.

Da Taufiq ya dawo, ya yi masa bayani cewa yanzu shafin da kansa yake ɗauko sabon labari, ba sai an ja shi ba. Da safen nan gyaran layi ake yi don a sa masu sabon dashe a gaba, shi ya sa sunaye suka yi ta hawa da sauka. Datti ya yi tsaki, ya ce daɗin baki ba ya shayar da gona, ya sake miƙa shaidarsa.

"Kawu, shafin za ka buɗe, ba hoton ba," in ji Taufiq.

Ya buɗe. Sunansa ne na ɗaya, a gefensa an rubuta an tsallake. Tun ƙarfe sha ɗaya Sammani ya je gonar bai sami kowa ba, kuma dokar ƙungiya ce, wanda ba ya bakin gonarsa sai zagaye na gaba, ran Alhamis.

Da la'asar ya isa gona. Gonar maƙwabcinsa sharkaf da ruwa, nasa dashen kuwa ya kwanta. Ya zauna a kan kunya, ya zaro wayar, hoton ne ya fara fitowa. Sunansa na nan a na tara, bai motsa ba.