Memorin Sama'ilu da Iyakar Gona

Abin da Sama'ilu ya bar wa matarsa Aina'u bai da yawa: 'ya'ya uku, gona ɗaya a bayan gari, sai kyamarar da yake ɗaukar biki da suna da ita. Gonar ma, tun da aka binne shi garmar maƙwabcinsu Kamilu take gutsurarta. Bara kunya biyu, bana huɗu, har ciyawar jemar da ke kan iyaka an tuge. Da ta kai kuka wurin mai unguwa, cewa ya yi sai an kawar da amfanin gona za a zauna, kuma ta zo da shaida.

To, shaida kuwa mutum ɗaya ya rage a duniya, Baba Mika'ilu, ƙanin kakan yaran. Ciwo ya cinye shi ya zama kamar kara. Ranar Asabar za a kai shi asibiti Kano, kuma kowa ya san irin tafiyar, ba a dai faɗa. Sai Aina'u ta ce bari ta ɗauke shi a bidiyo yana nuna iyakar da bakinsa.

Danna kyamara ta iya, marigayin ya koya mata a tsakar gida. Memori ne matsalar. Wanda ke ciki ya cika maƙil da bidiyo guda, na sunan autarsu Khaulat, kuma ranar kaɗai Sama'ilu ya taɓa miƙa wa wani kyamarar ya shiga gabanta. Mai ɗaukar mutane ai shi ba a ɗaukarsa. In yaran sun yi kewar ubansu, shi take kunna musu.

Ranar kasuwar Tsanyawa ta sayar da kaji biyu ta tsaya gaban mai kayan waya neman sabon memori. Ta yi zaɓe irin na buhu.

"Malam, wanne ya fi ci?"

"Hajiya, ga mai giga ɗari da ashirin da takwas. Garinku kaf zai haɗiye, har da awaki."

Ta karɓa tana godiya.

Da hantsin Asabar aka fito da Baba, 'yarsa Ummukulthum na tallafe da shi, motar Kano tana jira a bakin titi. Taku goma, a huta. Da ƙyar suka kai gindin aduwar da iyaka ta fara. Aina'u ta danna, jar fitila ta kama.

"Ni Mika'ilu ɗan Abdussalam, ina shaida cewa daga wannan aduwa…"

Fitilar ta mutu. Wani rubutun Turanci ya fito. Ta sake dannawa, Baba ya sake farawa, bai kai aduwar ba kyamarar ta sake tsayawa.

"'Yar nan, sau nawa zan gaya wa ƙarfen nan sunana? Kurma ne?"

"Yi haƙuri, Baba, sau ɗaya kawai."

Na uku ma haka. Tari ya sarƙe tsohon, direba ya danna hon mai tsawo.

"Aina'u, kashe mini uba za ki yi a gona?" in ji Ummukulthum. "Wallahi juyawa za mu yi."

Wayar Aina'u 'yar tocila ce, ta Ummukulthum ma haka, samari masu manyan wayoyi duk suna Watari aikin shinkafa. Ta zaro sabon memorin, ta kwance tsohon memorin da ta ƙulle a bakin zaninta, ta jera su a tafin hannu. A jikin na Sama'ilu akwai wata 'yar alama kamar kofi da lamba uku a ciki. Sabon babu. Sai maganarsa ta faɗo mata, ranar da ta yi masa tsiyar ya sayi ƙaramin memori da tsada: rumbu komai faɗin cikinsa, in bakinsa ƙanƙane ne, hatsi a waje zai zube. Bidiyo kwarara yake yi, sai memori mai saurin haɗiya. Innalillahi, ta sayo ciki ta manta baki.

Ta mayar da tsohon memorin cikin kyamarar. Kyamarar ta nuna babu wuri ko na minti ɗaya. Ga fuskar baban Khaulat a ɗan gilashin, hula a karkace, baki buɗe da dariya. Khaulat ba ta san wata fuskarsa ba sai wannan. Amma dariya ba ta cika tukunya, gonar nan kuwa ita ce tuwon yara uku.

"Me kike kallo kuma?" Ummukulthum ta leƙo. Da ta gani sai ta kau da kai.

Aina'u ta ce, "Allah ya jiƙanka," ta danna gogewa. Kyamarar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta sake dannawa.

Jar fitila ta kama, ta zauna daram.

Baba ya faɗi sunansa karo na huɗu. Ya nuna aduwa, ya ja ƙafa zuwa tsohon suri, ya caka sandarsa cikin dawar Kamilu, kunya ta shida.

"Nan jemar take. Ni na haƙa, Sama'ilu ya dasa, yana ta surutu har na kore shi." Ya ɗago ya dubi Aina'u. "Ke, riƙe abin nan da kyau mana, rawa yake yi. Saura kusurwa biyu, kuma ba zan maimaita ba."

Ta goge ido da kafaɗa, ta riƙe da hannu biyu, ta bi shi.