Sandar Labo

Jakin Jibo ya sa ƙafafun gaba a kan sabuwar gadar, ya yi taku biyu, ya tsaya cak. Jibo ya zabga masa bulala. Jakin ya yunƙura, shingen katakon da aka kafa a gefe da gefen gadar ya yi ƙara, amma mangalar masarar da ke bayansa ta ƙi shiga. Ta cije dama, ta cije hagu.

Bitrus yana tsaye a bakin rafin da takardar zane a hannunsa. Ya ji kamar ya nutse cikin ƙasa.

Shi ne ɗan ƙauyen na farko da ya taka jami'a, yana karatun injiniya a Zariya. A daminar 1965 ƙungiyarsu ta ɗaliban injiniya ta raba 'ya'yanta rukuni uku, kowane rukuni ya yi wa wani ƙauye aiki a lokacin dogon hutu, wanda ya fi kyau ya ɗauki garkuwar ƙungiya. Bitrus ne shugaban rukuninsu, shi ya jawo su ƙauyensu, inda rafi ke raba mutane da kasuwar Bakori duk watan Agusta. Mahaifinsa Labo ne ya kira gayya. Sati biyar mutane suna barin gonakinsu da ciyawa suna ɗauko duwatsu, ba don sun san abin da ake kira ƙungiya ba, sai don Labo ya ce ɗansa ya iya.

Yau ranar kasuwa ce, jakuna sun fi talatin a layi. Yau kuma da azahar Baturen da ke koyar da su zai zo duba aikin.

“Ɗan Labo!” in ji Jibo da ƙarfi, don kowa ya ji. “Gadar taku ta 'yan boko ce kaɗai? Mu da jakunanmu fa?”

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗin ji. Bitrus bai waiga wajen mahaifinsa ba, amma ya san inda yake: gindin ɗorawa, a zaune, da warkinsa na fata da doguwar sandarsa a kan cinya.

Mudi, mataimakinsa a rukunin, ɗan birnin Kano da bai taɓa labta wa jaki kaya ba, ya matso yana magana ƙasa-ƙasa.

“Lissafinmu daidai yake. Ƙafa huɗu tsakanin shinge da shinge, haka littafi ya ce. Su sauke kayan su tsallakar a ka mana.”

“Mangala talatin? Kowace ranar kasuwa?”

“Na yau kawai. In Bature ya duba ya tafi, sai mu san abin yi.”

“Gobe da safe motar makaranta za ta kwashe mu da kayan aikinmu. Wa zai san abin yin?”

Mudi ya cire tabarau yana gogewa.

Gaskiyar magana, littafin bai yi ƙarya ba. Ya san faɗin mutum, ya san faɗin keke, har ya san na jaki. Abin da bai sani ba shi ne jakin da manomin ƙasar Bakori ya labta wa kaya da sabuwar masara, wanda ke komawa kamar rumbu mai ƙafa huɗu. Bitrus kuwa ya sani, shi da ya yi ƙuruciyarsa a bayan jaki. Abin da ke cin ransa ke nan. Ranar da suka kafa turakun awo, Labo ya zo ya shimfiɗa sandar nan tsakanin turaku biyu, ya buɗe baki zai yi magana. Bitrus ya ga abokansa suna kallon warkin tsohon suna ƙunshe dariya, kunya ta kama shi, ya ce, “Baba, mun auna. Ka je ka huta.” Tsohon ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Jibo ya janyo jakinsa da baya da kyar, ya dubi sama, ya tofar da yawu.

“Ni masarata ba za ta kwana ba. Mu bi tsohuwar hanya!”

Ya kora jakin zuwa mashigin da ke ƙasa da gadar. Ruwan daren jiya ya cika rafin, jajawur, yana tafe da rassan itace. A nan ne bara ruwa ya tafi da jakuna biyu, mai su ma da igiya aka fizgo shi. Mutum huɗu suka bi bayan Jibo.

“Kawu Jibo, tsaya!” Bitrus ya ƙwala masa kira. “Don Allah ka ba ni rabin awa.”

“Na ba ubanka sati biyar!”

Maganar ta soki Bitrus. Ya jefar da takardar zanen, ya buɗe akwatin kayan aiki, ya zaro sifana. Mudi ya riƙe masa hannu.

“Kai, ka yi hankali. Gada ba shinge? Bature zai ce ba mu bi zane ba. Garkuwa ta tafi ke nan, mu shida ka jawo wa.”

“Na sani.”

“Sati biyar muna cin tuwon dawa da sauro!”

“Ka ce ni na kwance. Sake ni, Mudi.”

Ya hau gadar ya kama notin farko. Shi da kansa ya ɗaure su shekaranjiya, tamau, yana alfahari. Sifanar ta zame ta ɓare masa fatar yatsa, bai ko duba ba. Noti na uku yana fita aka fara yayyafi. Da ya ɗaga kai sai ya ga Mudi a ɗaya gefen da tasa sifanar, yana kwancewa yana zaginsa da Turanci. Sauran ɗalibai huɗun ma suka hau. Jibo ya tsaya da ruwa iya gwiwa, yana kallo.

Da shingen ya sauka, suka kwantar da katako ɗaya a kowane gefe suka buga, tsayin taƙi guda, don kada kofato ya zame. Jibo ya koro jakinsa ya dawo. Jakin ya shinshina katakon, ya taka, mangalar tana lilo a saman ruwa dama da hagu, ya haye. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Matan da ke bayan layi da ƙoransu suka rangaɗa guɗa.

Bitrus ya gangara gindin ɗorawa, ya durƙusa.

“Baba, ka san haka za a yi tun ranar.”

Labo ya juya sandar ya nuna masa wata tsaga kusa da ƙarshenta, ta yi baƙi don tsufa.

“Daga nan zuwa nan, jaki da kayansa. Da ita na auna ƙofar gidan da aka haife ka, Ɗanasabe.” Shi har yau bai yarda da sunan da 'yan mishan suka sa wa ɗansa ba.

“Me ya sa ba ka sake faɗa mini ba?”

“Ka ce kun auna. In ƙaryata ka a gaban baƙinka?”

Idanun Bitrus suka cika, ya sunkuyar da kai.

Can kan tudu aka ji ƙugin mota. Mudi ya taho da sauri, ya tsinto takardar zanen daga cikin taɓo yana sharewa da hannun riga.

“Ga shi nan ya iso. Me za mu nuna masa?”

Bitrus bai karɓi takardar ba. Ya miƙa hannu biyu wajen mahaifinsa.

“Baba, ara mini sandar. Kai ma taso mu je, kai za ka yi masa bayani. Ni zan fassara.”