Kafin a Rufe Hanyar Indiya

Zuwaira ce babba a ɗakinsu, Sharifuddeen kuma shi ne auta. Ita ta goye shi yana jariri, ita ta kai shi makarantar firamare da hannunta, har ya girma ya zama malamin lissafi a wata sakandare. Da ƙodojinsa suka daina aiki, likitoci suka ce sai dashe, aka gwada jinin 'yan ɗakin gaba ɗaya, nata ne kawai ya dace. Ba ta nemi shawarar kowa ba sai ta mijinta, Alhaji Tukur, falken shanu a kasuwar Kara. Shi kuwa ya ce Allah ya sa a dace.

Sharifuddeen ya riga ta tafiya. Jikinsa ya yi tsanani, sai aka wuce da shi wani asibiti kusa da birnin Delhi na Indiya, tare da matarsa Rahma, ana yi masa wankin ƙoda kafin mai bayarwa ta iso. Bizar Zuwaira ce ta yi jinkiri. Ba ta fito ba sai tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana mutum taka ƙasa ba takalmi. Aka sa tafiya ranar Asabar: jirgi zuwa Abuja, daga can ƙanenta Habibu ya raka ta.

Ranar Laraba tana shagonta na atamfa a Mabera, tana warware wa wata mata turmi, rediyon telan da ke maƙwabtaka da ita ya fara labarai. Indiya ta harba makamai cikin Pakistan, Pakistan ta ce za ta rama. Rikicin a kan yankin Kashmir ne, wanda suke jayayya a kansa tun da Turawa suka bar musu ƙasa. Mai labarai ya ƙara da cewa kowace a cikinsu tana da makaman nukiliya. Zuwaira ta linke atamfar, ta ba matar, ta zauna a kan kujera.

Ta koma gida ta tarar da motar Alhaji a ƙofa, alhali bai saba dawowa kafin la'asar ba. Yana zaune a falo, ko hula bai cire ba.

"Kin ji abin da anka ce?"

"Na ji, Alhaji."

"To tahiyar nan an ɗage ta."

"Har yaushe?"

"Har su gama haukansu. Makamin da suka aje, in anka saki guda, gari awa Sakkwato ba ya saura. Ban aika ki cikin wuta."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga hannu, ya tashi ya shige ɗakinsa.

Washegari ta tafi gidansu da fatan mahaifiyarsu za ta sa baki. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ba ta taɓa kiran sunan Zuwaira ba, saboda kunyar ɗan fari, kuma ranar ma ba ta ɗago ta dube ta ba.

"Mijinki ya zo nan da sahe," in ji Inna. "Na ce mai ya yi daidai. Guda na can, ban san ko ina sake ganinai ba. In ƙara da ta biyu?"

"Inna, in ban tahi ba, gudan ne za ki rasa."

Tsohuwar ta ci gaba da tsintar shinkafarta. 

Da yamma Rahma ta kira. Ta ce an yi ta busa jiniya a wasu unguwanni ana koya wa mutane ɓuya, an rufe filayen jirgi da ke can arewa kusa da iyaka, amma na Delhi yana aiki har yanzu. Sai ta miƙa wa Sharifuddeen waya. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai.

"Yaya, ki yi zamanki. Ni lahiyata lau. Ki bari ƙura ta lafa."

"Sharu, ba shawara na kira nema ba. Ka ci abinci?"

Ya yi 'yar dariya, tari ya katse shi. Rahma ta karɓi wayar ta fita waje, Zuwaira na jin takunta. Can ta rage murya ta ce jijiyar hannun da ake wankin da ita ta toshe, yanzu ta wuya ake yi, kuma likita ya ce wannan hanyar ba ta ɗaukar dogon lokaci. Ta ce, "Yaya, ya hana ni gaya miki."

Zuwaira ta so ta yi wa Alhaji bayani, amma bai ba ta fuska ba. Daga masallaci sai ɗakinsa, da asuba kuma ya fice. Ta san halinsa. In ya ji tsoron kada a rinjaye shi, guje wa magana yake yi.

Safiyar Juma'a ta sa hijabinta, ta tari Keke Napep, ta ce a kai ta Kara. Tunda aka yi aurensu ba ta taɓa taka wurin ba. Ta ratsa tsakanin shanu da dillalai, warin kashi da ƙura na dukan hancinta, maza na kaucewa suna binta da kallo. Ta hango shi a ƙarƙashin rumfa yana duba haƙoran wani bijimi. Da ya gan ta, fuskarsa ta canza. Ya goge hannu a jikin rigarsa, ya ja ta zuwa inda ya ajiye mota a gindin dogon yaro, ya buɗe mata ƙofa.

"Mi ya kawo ki nan cikin maza?"

"A gida ban samunka."

Ta gaya masa abin da Rahma ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Ya saurara yana kallon sitiyari. 

"Zuwaira, ba bam ɗin kaɗai nike tsoro ba," ya ce. "Kin tuna shekarar da soja sunka karɓi mulki a Nijar, anka ruhe iyaka? Ina Konni, can gehen Nijar, da shanuna. Kin san na daɗe can, amma akwai abin da ban gaya miki ba. Wata mata anka kawo cikin mota, za a kai ta asibiti nan Sakkwato. Mijinta ya roƙi masu tsaron wancan gehe, ya roƙi na wanga gehe, kowa ya ce umurni daga sama ne. Yarensu guda da mu, wataƙila ma dangi ne. Cikin motar nan ta cika, ina tsaye. Ni na taya shi ɗaukar gawa. Tun rannan na san in gwamnati biyu sunka yi faɗa, ba su duba wa ke ciki wa ke waje, ƙohwa kawai su ka ja. In kin shiga sunka ruhe, wa zan roƙa?"

Zuwaira ta ji tausayinsa har cikin ranta. Ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Amma ta riga ta san abin da ya kawo ta.

"Alhaji, matar nan, wane gehe maganinta yake?"

"Namu."

"Ita kuma tana wancan. To haka Sharu yake yanzu. Shi yana can, maganinai yana nan cikin jikina. Ƙohwar ba a ruhe ta ba tukuna. In an ruhe ina ciki, ko ba komi an yi aikin. In an ruhe ina waje, Rahma ce za ta tsaya tana roƙon mutane."

Ya juya ya dube ta.

"Ban tahiya ba da izininka ba," ta ce. "Ban taɓa yi ba, ba yau zan fara ba. Amma jakata na ɗaure, kuma ban kwance ta. Gobe in ka hana, jibi ina sake tambaya. Kuma nan zan riƙa zuwa ina tambayarka."

Wani dillali ya ƙwanƙwasa gilashi yana nemansa, Alhaji ya yi masa alama ya jira. Ya tayar da mota ya mayar da ita gida.

Bayan an sauko daga Juma'a ya shigo, ya tsaya a ƙofar kicin tana tuƙa tuwo.

"Ƙarhe nawa jirgin ke tashi?"

Ta gaya masa.

"Ki shirya da wuri. Inna kuma ki bar ni da ita, ni zan je."

Abin da suka yi da Inna, Zuwaira ba ta sani ba. Tsohuwar ba ta zo sallama ba, sai dai ta aiko da ƙullin kilishi a kai wa auta, wanda likita ya hana shi ci tun bara. Zuwaira ta sa shi a jaka duk da haka.

Alhaji ne ya kai ta filin jirgi. Rediyon mota na faɗin an kwana ana musayar wuta, ya miƙa hannu ya kashe. Ya ɗaukar mata jaka har inda aka tsayar da masu rakiya, ya ce ta kira shi duk inda ta sauka. Tana Abuja, ita da Habibu suna jiran jirgi na biyu, labari ya zo cewa ƙasashen biyu sun amince su tsagaita wuta. Habibu ya yi ta hamdala. Ita dai ta ce Allah ya sa ya ɗore, ta tashi ta nemi wurin alwala.

Aikin bai yiwu nan take ba. Jininta ya hau, sai da aka yi makonni ana saukar da shi, ga tambayoyin hukumar asibiti da ke son tabbatar da cewa ɗan'uwanta ne na jini. Bayan babbar Sallah aka shiga da su tiyata. Ƙodar ta kama. Zuwaira ta dawo Sakkwato damina ta yi nisa, ta rame, tana tafiya a hankali. Sharifuddeen ya biyo baya daga bisani, kuma sai da shekara ta juyo ya koma aji.

Ta koma shago, ko da yake ta daina ɗaga dilar atamfa. Wata rana wata matashiya ta shigo, ta daɗe tana jujjuya atamfa ba ta saya ba. Daga ƙarshe ta ce an ce mata Hajiya ta taɓa bayar da ƙoda, ita kuma mahaifinta ne ke kwance, kuma tsoro take ji. Zuwaira ta saki labulen ƙofa, ta ɗage gefen rigarta ta nuna mata tabon.

"Ga shi, iyakarsa ke nan," ta ce. "Zauna in gaya miki yadda ake yi tun daga gwajin jini."