Sunan da Ke Jikin Takardar Kifi

Wata bakwai Bara'atu ta yi tana nuna wa mutane sunan wani tana cewa nata ne.

Ba wanda ya gaya mata. Ramatu mai awara, da suke zama kafaɗa da kafaɗa a bakin tasha, har sakandare ta yi, ta iya karatu sarai, amma ta tsuke bakinta. Direbobi da 'yan kamasho su karɓi kifi, ta ɗora yatsa a kan koren rubutun da ke jikin takardar ƙunshin ta ce, "Ka gani? Ni ce nan," su ce, "Masha Allah, Inna," su juya. Wai kunyarta suke ji. Kunyar banza.

Shekara talatin da ɗoriya tana soya kifi a bakin tashar Haɗeja, tarwaɗa da karfasa, duk abin da masunta suka kawo daga Guri. Da can a jarida ake ƙunshewa. Jarida kuwa ba ta da amana. Kafin mutum ya kai bakin mota mai ya huda ta ya ɓata masa gaban riga, baƙin rubutun kuma ya kwanta a jikin kifin. Aka koma leda. Leda ta riƙe mai, amma kifi sai ya yi gumi a ciki ya saki jiki kamar dafaffe, wahalar tuya ta tashi a banza. Shekarar da ruwa ya shigo gari, da idonta ta ga abin da aka zaƙulo daga kwalbatin unguwarsu: baƙar leda ce tuli guda, kuma ta san akwai nata a ciki. Daga ranar ta ce ita da leda sun rabu.

Ta samo takardar buhun fulawa a wajen masu burodi, ta ciki mai kauri. Ta shafa mata kakin zuma, kifi mai zafi ya narkar da shi. Ta dama sitacin rogo ta shafa, ya bushe ya tsage a wurin ninki. Sai da ta jiƙa ƙaro ya narke, ta tace, ta haɗa da sitacin, sannan abu ya fara kama hanya. Shafi biyu ake yi da gashin agwagwa, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, don na biyu ya toshe abin da na farko ya bari. A inuwa ake shanya ta, rana na sa ta ƙandare ta karye. Ninkin kuwa shi ya fi ba ta wuya. Duk inda aka yanka ko aka liƙa, ta nan mai ke bi. Sai ta gano a bar takardar guda ɗaya, gindin babu haɗi, a ɗaga kusurwoyi huɗu sama kamar kunnen akuya a lanƙwasa su ciki. In ta gama sai ta zuba man gyaɗa mai zafi, ta ɗora a kan farin ɗankwali daga azahar zuwa la'asar. Ɗankwali huɗu ta lalata. Na biyar ya tashi fes.

Ko allo ba ta taɓa riƙewa ba, balle littafi. Da hannunta da kanta ta yi abin nan.

Sai ga Abdulmannan, ɗan yayanta Inuwa, wanda ya gama kwalejin fasaha yana zaune ba aiki. Ya zo ya durƙusa gabanta kamar mutumin kirki.

"Gwaggo, wannan abin naki ya fi ƙarfin bakin tasha. Masu tsire da masu ƙosai da masu kilishi duk suna bukatarsa."

Ta koya masa komai. Ya ɗauka a waya, ya auna ƙaron a sikeli, ya warware ninkin ya zana a takarda. Abu ɗaya ta roƙa. 'Ya'yanta uku duk ƙasa ta rufe su tun suna ƙanana, mijin ma ya bi su. In ta mutu, babu wanda za a nuna a ce ga ɗan Bara'atu.

"Ba na son komai naka," ta ce masa. "Sunana za ka sa a jikin takardar. Ka ji ko?"

"Haba Gwaggo, wannan ai ba sai kin faɗa ba."

Wata ƙungiya ta tallafa masa, ya kama shago, ya kawo injin ninki. Ran nan ya shigo mata da ɗauri guda, sababbi, da koren rubutu layi biyu, boko a sama, ajami a ƙasa don mutanen ƙauye.

"Wanne ne nawa?"

"Duk biyun, Gwaggo."

Ranar ko tuya ba ta yi ba. Gida gida ta bi tana nunawa.

Wani direban Birniwa ne ya fasa ƙwan, shi baƙo ne, bai san ana ɓoye wani abu ba. Ta miƙa masa tarwaɗa biyu, ta ɗora yatsa kamar kullum. Ya kanne ido ya karanta ajamin.

"Ikon Allah. Hajiya, ke ce Abdulmannan?"

"Kai, ka san da wa kake wasa?"

"Wallahi abin da aka rubuta ke nan. Abdulmannan Inuwa. Ko maigidan ne?"

Ta juya ta dubi Ramatu. Ramatu ta duƙufa tana juya awarar da ba ta isa juyi ba.

"Ramatu. Ɗago ki kalle ni. Me ke jikin nan?"

"Inna, ni fa ba na son shiga..."

"Munafuka! Wata bakwai kina kallona ina rawa tsirara a kasuwa, ba ki ce in ɗaura zane ba?"

Ta bar kasko a kan wuta, ko mayafi ba ta gyara ba, sai shagon Abdulmannan. Ta same shi a kan kujera mai juyi, inji na ta tofo takardunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ɓarawo! Karanta mini wannan. Da ƙarfi, yaranka su ji."

Ya miƙe ya rufe ƙofa. "Gwaggo, ki yi haƙuri ki zauna. Ƙungiyar ce ta ce sai sunan mai takardar shaida. Kuma fisabilillahi, ni zan iya buɗe baki in kama sunanki gatsal a gaban mutane? Ai da kunya."

"Sunana ka ji kunya, aikina ba ka ji kunyar ɗauka ba? Da kake durƙuso kana lasar ƙaro don ka ji kaurinsa, takardar shaidar tana ina?"

"Ai an inganta shi. Yanzu akwai ma'auni, akwai..."

"Ingantawar uwaka!"

Ta tafi wajen ubansa. Inuwa na kishingiɗe a ƙofar gida yana jin rediyo, bai ko rage muryar ba.

"Bara, ke dai ba kya girma. Sunan ɗana ai sunanki ne. Tsohuwa da ke, me za ki yi da suna a bakin 'yan tasha?"

"Yaya, da bakinsa ya yi mini alkawari."

"To ya yi kuskure. Sai a kashe shi?"

Mai unguwa ya ce maganar gida ce, a koma gida. Ofishin ƙungiyar ta je sau biyu, maigadi ya ce a rubuto ƙorafi a takarda. A rubuto! Da ta iya rubutu ai da ba a kai nan ba.

A hanyar dawowa ta biyu ne ta ga wani dattijo ya tsaya a bakin kwata. Ya sunkuya da ƙyar, ya tsamo ɗaya daga takardun nan, duk mai da ƙasa, ya goge ta a hannun riga, ya cusa a tsagar katanga.

"Malam, me za ka yi da shara?"

"Baiwar Allah, ba ki ga abin da ke jiki ba? Mannanu sunan Ubangiji ne. Ga shi a kwata, ana takawa."

Ta wuce gida ta ɗauko kwando.

Kwana uku tana yawo da kwando. Ta tsinto a kwatar tasha, ta tsinto a bola, a bakin mahauta, har bayan banɗakin kasuwa. Ba ta goge ko ɗaya ba. Ta san ba don Allah take yi ba, ta kuma san Allah ya sani. Amma duk ƙofar da ta ƙwanƙwasa da sunanta ba a buɗe ba. Da sunan Allah kam za a buɗe, in an buɗe kuwa sai an ji ta.

Ta dire kwandon gaban Malam Sunusi limamin unguwa. Ya ɗaga takarda ɗaya da yatsu biyu, fuskarsa ta canza. Bayan la'asar ya sa aka kira uba da ɗa. Zauren ya cika da dattawa. Ita aka ce ta zauna daga bakin ƙofa.

"Abdulmannan, kai ka buga wannan?"

"Ni ne, Malam."

"Da karatunka? Ba ka san abin da ake ci a ciki a jefar ba a sa masa sunan Allah ba? Kakanninka ko wasiƙa suka gama karantawa sai su ƙona ta ko su binne."

"Wallahi hankalina bai kai nan ba."

"Bai kai ba saboda ba nasa ba ne!" Bara'atu ta ce daga ƙofa. "Allah gafarta Malam, ni na yi abin nan. Ni na jiƙa ƙaro, ni na gano ninkin. Ya ce sunana zai sa, ya sa nasa, ya bar ni ina..."

"Hajiya, dakata."

"Ba zan dakata ba, wata bakwai nake dakatawa. A tambaye shi! Ga shi nan, a ba shi takarda ba inji, ya ninka mu gani in mai bai zuba ba."

Wani ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Malam Sunusi ya ɗaga hannu.

"Allah ya saka miki da kika kawo wannan, kin yi aikin lada. Amma ɗaya maganar ba ita ta tara mu ba. Tsakaninki da ɗanki ne, ku sasanta a gida."

"A gidan aka cuce ni, Malam."

Malam ya juya ga dattawa. Aka yanke cewa duk abin da ya rage a shago mai wannan rubutu a ƙona shi a wuri mai tsarki, a kuma bi masu tsire da masu ƙosai a karɓo nasu. Abdulmannan ya ce ya ji ya bi. Aka shafa fatiha. Maza suka fito suna neman takalmansu, suna raɓa ta kamar turmi aka ajiye a hanya.

Inuwa ne ya tsaya a kanta.

"Kin huta? Kin tona wa ɗanki asiri a gaban gari. Daga yau, Bara, in kin ga ƙofata ki wuce."

"Dama me nake samu a cikinta?" ta ce.

Washegari hayaƙin ya tashi daga bayan masallaci, har tasha ana jin ƙaurin sitaci. Ta zata za ta ji sanyi a ranta. Abin da ta ji kawai shi ne aikin hannunta ke ci da wuta.

Bayan sati uku sababbi suka fito, ta gan su a hannun mai tsire. Koren rubutun ya gajarce, layi ɗaya. Ta aika aka karɓo mata guda, ta miƙa wa Ramatu, wadda tun ranar direban Birniwa ba ta yi wa magana ba.

"Karanta. In kika yi mini ƙarya wannan karon, sai na kifa miki kaskon nan."

Ramatu ta goge hannu. "An sa Inuwa da 'Ya'yansa."

"Inuwa."

"Haka aka sa, Inna."

Inuwan da bai san ko ƙaro a bishiya yake fitowa ko a rijiya ba. Ta yi wata dariya da ba daɗi, har mai shayi ya waiwayo.

Ta jawo ɗaya daga nata, waɗanda take ninkawa da hannu a tsakar gida, marasa rubutu. Ta kwance kusurwoyin ta shimfiɗa a gwiwa.

"Kina da biro?"

"Akwai."

"Rubuta mini nawa a nan. Ban taɓa ganinsa ba."

Biron ya ƙi kama wurin shafin, sai da Ramatu ta juya bayan takardar. Ta rubuta a hankali, ta miƙo. Bara'atu ta riƙe da nisa, ta matso da ita kusa, ta bi layin da farcenta daga wannan gefe zuwa wancan.

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ɗan wannan?" Ta sake dubawa. "Ɗan wannan ne ya gagare su?"

Wani fasinja ya tsaya a kanta yana ƙwanƙwasa tire. "Hajiya, karfasa ɗaya, mota za ta tashi."

"Ta tashi mana," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba ka ga ina duba abu ba?"